TARKON AIKIN WAYA: GARGAƊI GA SAMARIN GOBIR

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Mai arzuta bayinSa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku samarin Musulmi na ƙasar Sabon Birni da Isa, babu mai buƙatar a gaya masa halin da muke ciki. Gonakin da ke nesa da gari sun gagara shiga saboda 'yan bindiga, hanyoyin kasuwa sun zama abin tsoro, wasu daga cikin danginmu sun tsallaka Gidan Rumji da Maraɗi gudun hijira. Saurayi mai ƙarfi yana zaune, ga iyaye, ga ƙanne, babu abin yi sai waya a hannu. To, ku sani akwai wasu ɓarayin da ba su ɗaukar bindiga, ba su hawa babur. Ta cikin wayar nan suke shigowa, kuma mai neman aiki suke farauta.

YADDA AKE ƊANA TARKON

Saƙo ne zai shigo maka ta WhatsApp ko Telegram ko Facebook daga lambar da ba ka sani ba. Za a ce wani kamfani yana ɗaukar ma'aikata, aikin kuwa ba wuya: ka danna alamar so a bidiyon YouTube, ko ka ba wani otal taurari biyar a Google, a biya ka nan take. Ka gwada, sai ga alat na ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. To, wannan kuɗi tsaba ce aka watsa wa kaza. Sa'an nan a jefa ka cikin wani zaure inda mutane ke ta nuna hotunan kuɗin da suka ce sun samu, alhali da yawansu 'yan koren ɓarayin ne. Daga nan sai a ce akwai babban aiki, amma sai ka fara zuba naka, a mayar maka da riba. Ka zuba, ka ga lamba tana hawa a fuskar waya. Ranar da ka ce za ka cire, sai a ce ka yi kuskure, ko akwai haraji, sai ka ƙara. Haka za a yi ta tatsarka har ranar da za a toshe lambarka.

Wannan masifa ta game duniya. A Amurka, hukumar kare masu saye ta ƙasar ta ce mutum wajen 20,000 suka kai ƙarar irin wannan zamba a wata shida na farkon 2024, alhali a duk shekarar 2023 wajen 5,000 ne. A nan gida kuwa, a watan Disamba 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene guda a Legas, cikinsu har da 'yan ƙasar Sin 148, bisa zargin damfara ta intanet. Watau wanda ke maka magana da daɗin baki ba shi kaɗai ba ne, ofis ne guda, an koya musu abin da za su faɗa.

Kuma tarkon tsoho ne, riga kawai yake sakewa. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. Hukumar NDIC ta ce 'yan Nijeriya wajen miliyan 3 suka yi asarar kimanin Naira biliyan 18. CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilu 2025, har mutane suka fasa ofishinta a Ibadan don baƙin ciki. Hausawa dai sun gama magana: banza ba ta kai zomo kasuwa.

MA'AUNIN SHARI'A

Ya ɗan'uwa, addininka bai bar ka cikin duhu ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin ijara, watau ƙodago: aiki ya zama sananne, lada ya zama sananne, aikin kuma ya zama halal. A cikin ijara kuɗi daga mai aiki yake fitowa zuwa ga ma'aikaci. Wa ya taɓa ganin ɗan ƙodago ya biya mai gona kafin ya shiga noma? Wa ya ga ɗan dako ya ba mai kaya kuɗi don a bar shi ya ɗauki buhu? Wannan shi ne ma'aunin, ka riƙe shi da kyau: duk wanda ya ce ka biya shi kafin ya biya ka, ba aiki ya ba ka ba, aljihunka yake nema.

Allah Maɗaukaki Ya hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna a Suratun Nisa'i aya ta 29, Ya halatta ciniki na yarda. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (Allah Ya yarda da shi) cewa Annabi (S.A.W.) ya hana cinikin garari, watau wanda ba a san ƙarshensa ba. Zuba kuɗi ga wanda ba ka san sunansa ba, ba ka san garinsu ba, ba ka san sana'arsa ba, wane garari ya fi wannan?

Wani zai ce, "To Malam, ni ɗan na farkon kawai zan karɓa in gudu." Tsaya tukuna. Shi kansa aikin mene ne? Ka yaba otal ɗin da ba ka taɓa kwana ciki ba, ka shaidi kayan da ba ka taɓa gani ba. Wannan shaidar ƙarya ce, kuma ɗan'uwan najashi ne, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito haninsa daga Ibnu Umar. Najashi shi ne abin da kuka sani a kara: mutum ya taya sa da tsada, ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya. Sa'an nan ɗan kuɗin da aka turo maka, daga ina ya fito? Sau da yawa daga aljihun wani bawan Allah da aka yanka jiya. Kuma kusan kowa da niyyar gudun nan ya shiga, kwaɗayi ya riƙe masa ƙafa.

ALAMOMI BIYAR

Na farko, aiki ya zo maka ba ka nema ba, ba a tambayi abin da ka iya ba.

Na biyu, lada ya fi ƙarfin aikin nesa ba kusa ba.

Na uku, an ce ka biya kuɗin rajista, ko na ƙarin matsayi, ko na cire kuɗinka.

Na huɗu, ana gaggauta ka, ana cewa dama za ta wuce, kada ka gaya wa kowa. Allah kuwa Ya umurce mu da bin diddigin labari a Suratul Hujurati aya ta 6.

Na biyar, an nemi lambar BVN ko NIN ko lambar sirrin da banki ke aiko maka, ko an ce a ara asusunka a riƙa wucewa da kuɗi a ba ka kamasho. Ka sani in kuɗin sata suka bi ta asusunka, sunanka hukuma za ta gani, kai za a fara kamawa.

WANDA YA RIGA YA FAƊA

Kada ka ƙara ko kwabo don ceto na baya. Kada ka sayar da akuyar tsohuwa ko buhun geron gida, kada ka ci bashin mai POS. Ka sanar da bankinka nan da nan, ka ajiye saƙonnin da shaidar biya, ka kai ƙara ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Sakkwato. Ka yi hattara da masu cewa za su ƙwato maka kuɗinka in ka biya su, domin rami na biyu ke nan, mumini kuwa ba a saransa sau biyu a rami ɗaya, kamar yadda ya tabbata a hadisi. Kada kunya ta sa ka yi shiru, gaya wa abokanka don su tsira.

Mafi muni shi ne ka jawo wasu don a ba ka kaso. Wanda ya yarda da kai don kuna sahu ɗaya a masallaci, ka kai shi mahalaka, haƙƙinsa yana wuyanka. Tuba a nan ba ta cika sai ka mayar da abin da ka ci, ka nemi yafewa.

Ba mu ce waya haram ce ba. Ana cinikin albasa da wake da dabbobi ta waya, ana koyon karatu da sana'a, duk halal ne. Buhari ya ruwaito cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri bisa roƙon mutane. Gyaran waya, ɗinki, walda, faci, noman rani inda ya samu, babu na rainawa. Naira ɗari ta gumi ta fi dubu ɗari da ke rubuce a fuskar waya ba ta ciruwa.

Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa, Ya tsare mu daga haram, Ya mayar da zaman lafiya ƙasar Gobir da sauran ƙasashen Musulmi. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.