Hukuncin Bin Annabin da Ya Zargi Uwar Miji da Maita

TAMBAYA

 Ni matar aure ce, mai baftisma, ina cikin zumuntar mata a ikkilisiyarmu. Na haifi 'ya'ya biyar, biyu sun rasu tun suna ƙanana, yanzu ga autan ma yana fama da irin ciwon da ya ɗauke yayyensa: hannuwa da ƙafafu su kumbura, idanu su yi rawaya, ya kwana yana kukan ciwon ƙashi. A taron farkawa da aka yi a garinmu, wani baƙo da ake kira annabi ya ce an nuna masa uwar mijina ce ta kama kurwar yaran. Ya ce a sa ta ta tsallake yaron a gaban jama'a, a fitar da ita daga gidan, mu kuma sayi mai da ruwan da ya yi wa addu'a. Da idona na ga mutane suna zubewa in ya ɗora musu hannu, har ya faɗa wa wata asirin gidanta. Ya ce duk wanda ya yi masa musu ya taɓa shafaffen Allah. Mijina ya ƙi, ni kuwa tsoro ya hana ni barci. Ikon mutumin nan daga Allah yake? Ya halatta in bi umarninsa? Kuma har ina ikon Shaiɗan ya kai a kan gidan mai bi?

AMSA

'Yata, Ubangiji ya ta'azantar da ke a kan yaran da kika binne, ya taɓa jikin wannan da ke kwance. Uwar da ta rasa biyu tana kallon na uku, ba wanda zai ga laifinta don ta nemi wanda za ta ɗora wa alhakin. Amma tunda hukunci kika tambaya, ga shi tun da fari: bai halatta ki kira uwar mijinki mayya ba, bai halatta a sa ta tsallake yaron ba, bai halatta a kore ta ba, kuma bai halatta ki ba da ko kwabo don sayen mai ko ruwan addu'a ba. Mijinki ya yi daidai da ya ƙi. Littafi Mai Tsarki yana hannunmu da Hausa tun 1932, don haka duk inda na ambata ki buɗe ki duba da kanki.

Tsoron da ya hana ki barci ya samo tushe ne daga wani tunani da ya kutso cikin majami'unmu, wai akwai iko biyu da suka yi kunnen doki, na alheri da na mugunta, mai bi kuma yana tsakiya yana jiran wanda zai rinjaya. Wannan ba koyarwar Kirista ba ce. Tsohuwar koyarwar mabiya Mani ce, wadda Agustin ya bi kimanin shekara tara kafin ya tuba ya zama bishof na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya kuma yi rubuce-rubuce da dama yana rushe ta. Abin da ya tsaya a kai shi ne abin da Nassi ya koyar: Mahalicci ɗaya ne, Shaiɗan kuwa halitta ne da ya yi tawaye, ba shi da wani ƙarfi na kansa sai abin da aka bar masa zuwa wani lokaci. Ki karanta sura biyu na farkon littafin Ayuba. Sau biyu Shaiɗan ya nemi taɓa bawan Allah, sau biyu aka shata masa iyaka, da fari kada ya taɓa jikinsa, daga baya kada ya taɓa ransa, bai kuwa iya ƙetare ko ɗaya ba. A Luka 22 sai da ya nemi izini kafin ya jijjiga Bitrus. A Markus 5 rundunar aljanu ba ta iya shiga ko garken aladu ba sai da ta roƙi Yesu. Bulus ya shaida wa Kolosiyawa a sura ta 2 cewa a kan gicciye aka kwance wa waɗannan ikoki ɗamara aka kunyata su a fili.

Ban ce babu Shaiɗan ba, ban kuma ce babu mugayen ruhohi ko masu neman yin aiki da su ba. Akwai su, Afisawa 6 ta faɗa ba ɓoye-ɓoye. Sai dai ki lura da abu biyu a wannan surar. Ta ce faɗanmu ba da 'yan Adam ba ne, ga shi kuwa an nuna miki tsohuwa mai nama da jini an ce ita ce abokiyar gaba. Makaman da ta lissafa kuma su ne gaskiya, adalci, bisharar salama, bangaskiya, ceto, Maganar Allah da addu'a. Babu kwalbar mai a ciki, babu tsallake.

Sai batun ikon da kika gani. Ba na ƙaryata idonki. Mai yiwuwa mutane sun faɗi, mai yiwuwa ya faɗi abin da ke gidan waccan matar, ko da yake na san yadda wasu ke tura yaransu su shiga gari su kwaso labari kafin ranar taro. Amma a ce ma duk gaskiya ne, abin al'ajabi bai taɓa zama shaidar cewa Allah ne ya aiko mutum ba. Bokayen Fir'auna sun mai da sandunansu macizai, sun mai da ruwa jini, sun fito da kwaɗi, sai a annoba ta uku suka gaza. Maimaitawar Shari'a 13 ta yi magana a kan annabin da alamarsa za ta cika sarai, ta ce duk da haka kada a saurare shi in yana janye mutane daga hanyar Allah. Baiwar nan ta Filibi a Ayyukan Manzanni 16 duba take yi, iyayengijinta na samun kuɗi da ita, abin da take faɗa game da Bulus ma gaskiya ne, amma ruhun da ke cikinta ba na Allah ba ne. Mafi nauyi duka shi ne gargaɗin Yesu a ƙarshen Matiyu 7, cewa a ranar shari'a mutane da yawa za su kafa hujja da annabcin da suka yi da aljanun da suka fitar cikin sunansa, shi kuwa zai ce bai taɓa saninsu ba. Ma'aunin da ya ba mu a wannan surar shi ne 'ya'yan da itace ke bayarwa. To, waɗanne 'ya'ya wannan baƙo ya bari a gidanku? Miji da mata sun rabu a ra'ayi, an ɓata sunan tsohuwa, yaro na kwance ba a kai shi asibiti ba, shi kuma aljihunsa ya yi nauyi.

Iko a ikkilisiya na aro ne. Matiyu 28 ta ce dukan iko a sama da ƙasa a hannun Almasihu yake, kowa kuma da sunansa yake aiki. Dogari ana kauce masa a hanya saboda sarkin da ya aiko shi, ranar da ya fara karɓar kuɗi a kasuwa da sunan sarki ba da saninsa ba, rigar ba za ta cece shi ba. 'Ya'yan Sikeba bakwai a Afisa sun ɗauki sunan Yesu kamar laƙani suka karanta wa mai aljanu, ya bi su da duka suka fita tsirara da raunuka. Almajiran da suka dawo suna murna aljanu sun yi musu biyayya, a Luka 10, Yesu ya karkatar da murnarsu zuwa ga sunayensu da aka rubuta a sama. A Markus 10 kuma ya ce babba a cikinmu shi ne mai yi wa saura hidima. Ikon da ke sa tsohuwa ta durƙusa a gaban taro ana yi mata ihu bai yi kama da na wanda ya wanke ƙafafun almajiransa ba.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Yesu ya umarci manzanni su bayar kyauta kamar yadda suka samu kyauta. Siman mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi a Samariya don ya sayi iko, ya sha tsawa mai zafi. Gehazi ya bi Na'aman ya karɓi abin da Elisha ya ƙi, ya ƙare da kuturta. Wani ɗan littafin koyarwa na ikkilisiyar farko da ake kira Didake ya sa roƙon kuɗi cikin alamomin annabin ƙarya. Za a ce miki ai an kai wa marasa lafiya ƙyallayen da suka taɓa jikin Bulus sun warke. Haka ne, amma Luka ya kira su mu'ujizai na musamman, kuma ba inda aka ce an sayar. Man da Yakubu 5 ta ambata, dattawan ikkilisiyar mara lafiya ne ke shafa masa, mutanen da suka san shi ya san su, kuma addu'ar bangaskiya aka jingina wa warkarwar. Majalisar Lawudikiya a ƙarni na 4 ta hana ma'aikatan ikkilisiya yin layu. Kwalbar da aka saya aka rataye a ƙofa don ta kori maye, laya ce ko da an karanta mata Zabura.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato uwar mijinki. Kama kurwa da ƙanƙarar maita da tsallake duk mun gaje su ne daga al'adar kakanni, babu ko ɗaya a Nassi. Babu wuri guda da Yesu ko wani manzo ya warkar da mara lafiya ta hanyar nuna wani maƙwabci ya ce shi ne ya jawo. Da almajirai suka tambayi laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, a Yahaya 9, Yesu ya ƙi ɗora wa kowa. Shari'ar Musa ba ta karɓar ƙara sai da shaidu biyu ko uku, ta kuma ce a yi wa mai shaidar zur abin da ya so a yi wa ɗan'uwansa. Mafarki ba shaida ba ne, wahayin da mutum ɗaya ya ce ya gani ba shaida ba ne. Hausawa ma sun ce zato zunubi. Na san za a kawo Fitowa 22:18, inda aka yanke wa mai sihiri hukuncin kisa. Wannan doka ce ta mulkin Isra'ila, alƙalai ke zartar da ita da shaidu, a kan mai yin sana'ar sihiri da hannunsa, irin waɗanda Maimaitawar Shari'a 18 ta lissafa. Ba a ba ikkilisiya takobi ba. Da bishara ta sami masu sihiri na gaske, Bitrus tuba ya kira Siman gare ta, a Afisa kuma littattafan sihiri aka ƙona, waɗanda kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, ba a taɓa masu su ba.

Duk lokacin da ikkilisiya ta manta da wannan, jini ne ke zuba. A Salem ta Amurka an rataye mutum 19 a 1692 bisa shaidar masu cewa sun ga kurwar wane tana azabtar da su, daga baya garin ya yi nadama. A Akwa Ibom an azabtar da yara da sunan fitar da maita har sai da jihar ta kafa doka a 2008. A 2020 an kashe wata tsohuwa mai kimanin shekara 90 da duka a Kafaba, kusa da Salaga a Ghana, bayan wata mai duba ta nuna ta. Kusan kullum wanda ake nunawa tsohuwa ce, ko gwauruwa, ko maraya, wato waɗanda Allah ya ce shi ne mai kare su. Dokar Najeriya ma ta sa zargin mutum da maita cikin laifuka. Matar nan ita ta haifi mijinki, jikokinta ne aka binne, ita ma tana makoki. Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda ya ƙi kula da na gidansa ya yi musun bangaskiya. Ki sake karanta littafin Rut, ki ga yadda matar ɗa ta riƙe uwar mijinta bayan mutuwa ta shiga gidansu har sau uku.

Game da yaron, ki kai shi asibiti a wannan makon, kada ki jira. Gano ciwo aikin likita ne, amma alamun da kika zayyana, kumburin hannu da ƙafa, rawayar ido da ciwon ƙashi a 'ya'yan ɗaki ɗaya, su ne aka san amosanin jini da su, wato sikila. Ki nemi a yi wa yaron gwajin jini, ke da mijinki da sauran yaran ma a yi muku. In uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da ita. Gado ne daga ɓangarori biyu, ba laifin kowa ba ne, kuma da kulawar likita, da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da yawan shan ruwa, yara da yawa suna girma har su yi aure. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne, Matiyu 4 kuma ta bambanta masu aljanu da masu farfaɗiya da shanyayyu, ba ta haɗa kowane ciwo ta kira shi aljani ba. Ki kira fastonku da dattawa su zo gida su yi wa yaron addu'a, kakarsa na zaune a wurin. In kin riga kin furta zargin ga wani, ko kin daina cin abincinta, ko kin hana ta ɗaukar jikanta, ki je ki durƙusa ki ce, Mama, ki yafe mini, ki kuma koma wurin waɗanda kika gaya wa ki janye maganar.

Barazanar taɓa shafaffe kuwa kada ta razana ki. Ayar da ake jawowa daga Zabura 105 tana magana ne a kan yadda Allah ya hana sarakuna cutar da Ibrahim da zuriyarsa a yawonsu, ba ta hana gwada maganar mai wa'azi ba. An yabi mutanen Biriya don sun riƙa auna koyarwar Bulus da Nassi, Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya, Yahaya kuma ya umarce mu mu gwada ruhohi. Ki kai wannan takarda wurin fasto da dattawan ikkilisiyarku. Wajibi ne a kansu su wanke sunan tsohuwar nan a gaban jama'ar da aka ɓata shi, su nemi baƙon ya mayar da kuɗin da ya karɓa, su sanar da shugabannin gundumarsu, kuma kada su sake ba shi bagadi.