Wanda Ya Gina Gari, Ɗan Garin Ne?

Tun da wayar hannu ta shigo da hotunan ƙasar Sin cikin majalisunmu na yamma, daga bakin kasuwar Samaru har rumfunan masu shayi na Sabon Gari, hira ɗaya ake yawan maimaitawa, watau yaushe mu ma za mu kai can? A nuna jirgin ƙasa mai gudu kamar an harba kibiya, a nuna gada ta ratsa teku, a nuna benaye sun tokare sama, sai wani ya girgiza kai ya ce, "Waɗannan mutane sun gama da duniya." Ba mu ga laifin mai sha'awa ba, domin wanda ya kwana uku famfonsa bai ɗiga ba ba a hana shi kallon madatsar ruwan wasu. Sai dai akwai tambayar da hoto ba ya amsawa, ita ce kuma muke so mu tattauna da 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa: leburan da ya ɗauki kwanon kankare har benen ya tashi, mene ne rabonsa a garin da ya gina?

Da farko dai bari mu ba Sinawa haƙƙinsu. A 1978, lokacin da Deng Xiaoping ya fara sassauta tattalin arzikin ƙasar, mutum 18 kacal cikin ɗari ke zaune a birane. A 2011 mazauna birni suka haura rabin al'umma, yau kuwa sun kai kashi biyu bisa uku. Shenzhen, wadda ƙaramar gunduma ce ta manoma da masunta kafin a keɓe ta don ciniki a 1980, ta haura mutum miliyan 17 a ƙidayar 2020. Layin jirgi mai tsananin gudu tsakanin Beijin da Tianjin an buɗe shi ne a 2008, amma zuwa ƙarshen 2023 tsawon irin wannan layi ya kai kilomita 45,000, ya zarce na sauran duniya baki ɗaya. Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 800 sun fita daga matsanancin talauci a ƙasar cikin shekara 40. Duk wanda ya ce wannan ba wani abu ba ne, to bai taɓa kwana da yunwa ba.

To, amma su wa suka yi ginin? Akasarinsu 'yan ƙauye ne, irin waɗanda a nan muke kira 'yan ci-rani, yawansu kuwa ya kusa miliyan 300. Tun 1958 akwai wata dokar rajista a ƙasar, ana ce mata hukou, wadda ke rubuta kowane mutum a garin asalinsa, ɗa kuma ya gaji rajistar iyayensa. Da wannan rajista aka ɗaure makarantar gwamnati, da rangwamen asibiti, da fansho. Saboda haka birkila na iya shekara 20 yana gini a Shanghai, alhali a takarda har yanzu manomi ne na wani ƙauye mai nisan kwana biyu. Ɗansa sau da yawa ba ya samun gurbi a makarantar unguwar da uban ya gina, in ma ya samu, a wurare da dama sai ya koma lardin asali kafin ya rubuta jarrabawar shiga jami'a. Wani bincike da aka fitar a 2013 ya ce yara kusan miliyan 61 aka bari a ƙauyuka, da yawansu a hannun kakanni, ba sa ganin iyayensu sai a hutun sabuwar shekara. Gaskiya ne tun daga 2014 hukuma ta yi ta sassauta dokar, ƙananan birane da matsakaita sun buɗe ƙofa, amma ƙofar Beijin da Shanghai har yanzu ƙunƙuntacciya ce. A 2023 masu rajistar birni ba su cika rabin al'umma ba, ga shi kuwa mazauna birnin kashi biyu bisa uku ne. Tazarar da ke tsakani, mutane ne masu kwana a gari ba su zama 'yan garin ba.

Mai karatu ɗan Zazzau ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi, domin a kan irin wannan labari yake zaune. Sabon Garin Zariya ɗan layin dogo ne. Tsakanin 1907 da 1911 aka shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano ta nan Zariya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka haƙa ƙasar talakawa ne da aka ɗebo ta hannun hakimai da dagatai, ko suna so ko ba sa so. Ba mu san sunan ko ɗaya ba, sai na Turawan da suka tsaya a kansu. Da jirgi ya fara zuwa, sai ga akawuna da makanikai da 'yan kasuwa, Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawan wasu ƙasashe, Nasara kuwa bai so su shiga cikin ganuwa ba, ya yanka musu wuri a waje. Daga baya reshen dogo ya miƙa zuwa Jos, wani kuma ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. Samaru ma haka ta tashi: tashar binciken aikin gona a 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, mutane suka yi ta kwarara daga ko'ina, masinja da mai shara da mai dafa abinci, suka cika Hayin Dogo da Layin Zomo da Jama'a. Bayan shekara ɗari da ɗoriya, jikan wanda ya kunna wutar tukunyar jirgi a tashar Zariya na iya zuwa neman gurbin karatu ko aikin gwamnati a ce masa ya kawo takardar indijin daga wani garin da bai taɓa kwana a cikinsa ba. A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi shelar daina bambanta ɗan asali da baƙo, abin a yaba, amma shela daban, abin da ke zukatan mutane da fom ɗin ɗaukar aiki na tarayya daban.

Yanzu bari mu saurari mai ja, domin yana da hujja. Zai ce ai an biya lebura ladarsa, ciniki ya ƙare, me kuma ake binsa? Zai ƙara da cewa ajin makaranta ba roba ba ne da za a yi ta ja, in aka buɗe wa kowa ƙofa lokaci guda, na gida da baƙo duk su rasa. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce gona. Rajistar ƙauye a Sin tana tafe da haƙƙin noma wani yanki na ƙasar ƙauyen, shi ya sa da kasuwannin duniya suka rushe a 2008, hukuma da kanta ta ce kimanin 'yan ci-rani miliyan 20 sun rasa aiki, amma suna da inda za su koma su ci tuwo. Wasunsu ma ko an yi musu tayin rajistar birni ba sa karɓa, don kada gonar ta suɓuce. Mu ma mun san wannan hikima: mai ga-ruwa da mai yankan farce suna ɓacewa daga Sabon Gari da zarar damina ta faɗi.

Duk da haka ba mu gamsu ba. Lada tana biyan gumin yini ne, ba ta biyan shekaru. Mutumin da ya ba gari ƙuruciyarsa, ya saya a kasuwarsa, ya biya haya da haraji, ya binne 'yan'uwansa a maƙabartarsa, ya zuba wa garin abin da ba a rubuta a takardar ɗan kwangila ba. Me ya sa fuloti ya yi tsada a Hanwa da Palladan? Ba ƙasar ce ta sake launi ba, taruwar mutane ce ta ba ta daraja, ciki har da waɗanda ake kira baƙi, ribar kuwa mai takardar fili kaɗai ke kwasa. Hujjar gona ma tana aiki ne a kan uba, ba a kan ɗa ba. Yaron da aka haifa a gefen masana'anta, bai san riƙon fartanya ba, in aka ce ya koma gida, ina ne gidan? A addininmu maƙwabci yana da haƙƙi, ba mu kuwa taɓa jin malamin da ya shardanta sai an duba garin da aka haifi kakan maƙwabcin ba.

Abin ban sha'awa shi ne yadda lissafin kuɗi ya zo ya tarar da maganar adalci a hanya. Shekara da shekaru hukumomin birane a Sin suna samun kuɗin shiga ta sayar da izinin filaye ga kamfanonin gine-gine, iyalai kuma suna zuba ajiyarsu a gidaje, da yawa tun kafin a gina su. A 2021 kamfanin Evergrande ya kasa biyan bashi, bashin da ya haura dala biliyan 300, a Janairun 2024 kuma wata kotu a Hong Kong ta ba da umurnin a rushe shi. A 2022 masu sayen gidaje a birane da dama suka daina biyan bankuna saboda an bar musu kango. A shekarar ce kuma yawan al'ummar ƙasar ya ragu, karon farko tun 1961, sannan a Yunin 2023 rashin aiki tsakanin matasan birni ya kai kashi 21.3 cikin ɗari. Ga gidaje an kulle ba kowa, ga waɗanda suka gina su cunkushe a ɗakunan haya. Masana tattalin arziki na ƙasar da kansu sun daɗe suna cewa wanda ba shi da tabbacin asibiti da fansho ba ya kashe kuɗi, ƙulle su yake yi saboda ranar wuya, kuma muddin mutum miliyan ɗaruruwa na ƙulle kuɗi, kasuwar cikin gida ba za ta ɗauki kayan da masana'antu ke fitarwa ba. Ba mu ce ƙasar Sin ta durƙushe ba, ƙasar da ke kan gaba a duniya wajen ƙera motocin lantarki da faifan hasken rana ba a yi mata wannan gaggawa. Muna dai ganin gobenta ta rataya a kan abin da za ta yi da 'yan ci-raninta fiye da yawan gadojin da za ta ƙara.

Mu kuwa ga Sinawan sun iso ƙofarmu. Kamfaninsu na CCECC ne ya gina dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da rancen bankinsu, shi ne kuma aka ba na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021, wanda ya biyo ta ƙasar Zazzau. Tun kafin jirgi ya zo, gonakin Bomo da Basawa sun fara komawa fulotai. Manomi ya sayar, ya yi aure, ya sayi babur, bayan shekara biyar sai ka gan shi yana gadin gidan da aka gina a gonar ubansa. Shi ko abin da ɗan ƙauyen Sin ke riƙe da shi ba shi da shi, ya zama baƙo ba tare da ya yi tafiya ba.

A nan ne muke da ƙorafi a kan kanmu marubuta. Littattafanmu cike suke da gidan Alhaji mai hawa biyu, mun ƙware wajen siffanta labule da kujerun falo, amma da wuya ka ga an ba birkilan da ya ɗora bulon suna, balle a bi shi gida a ga inda yake kwana. Alhali nan Zariya ce aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, jaridar da jirgin ƙasa ya riƙa kai wa garuruwa. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suna nan a Sabon Gari da Muciya, sun rage kaɗan, wasu na jin Hausa fiye da harshen iyayensu, sun san sunan kowace tasha daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, kuma kowace shekara ana rasa wasu daga cikinsu.