Buta Goma Sha Biyu

Muna da wata ƙanwa da ke aji biyu a jami'a, tana karanta fannin zane. A hutun da ya wuce ta zube mana littattafan zanenta a kan tabarma, ta ce mu gaya mata tsakani da Allah, gaba take yi ko baya? A cikinsu akwai abu guda da ta yi ta maimaitawa. Duk farkon wata, tsawon shekara, sai ta ɗauko butar alwalar Umma, irin ta robar nan mai ratsi-ratsi, ta ajiye ta kusa da taga, ta zana ta da fensir, ta rubuta kwanan wata a ƙasa. Buta goma sha biyu ke nan. Da muka jera su, mu ba mu ga abin tambaya ba. Ta farko kamar ɗan firamare ne ya yi ta, ta ƙarshe kuwa sai ka ji kamar ka miƙa hannu ka ɗauka.

Amma ita ranta a ɓace yake. Ta ce, "Yaya, ranar da na zana ta farko murna na yi ta yi, har da nuna wa ƙawaye. Wannan ta ƙarshen kuwa ba abin da nake gani a jikinta sai kurakurai. Ga shi wayarka za ta fitar da wadda ta fi ta kafin in gama fiƙe fensir. To wahalar me nake sha?"

Maganar ta tsaya mana a rai, don mu sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma abin da ke neman karya mata gwiwa 'yan sana'armu ne suka ƙera shi. Tun shekarar 2022, da manhajoji irin su Midjourney da DALL-E 2 da Stable Diffusion suka shiga hannun jama'a, mutum kan rubuta jimla ɗaya ya samu hoto cikin daƙiƙoƙi. Idan hoton ne kaɗai abin nema, to tana da gaskiya, shekararta ta tafi a banza. Sai dai kafin mu yarda da haka, ya kamata mu duba ko akwai wani abu da mai koyon zane yake samu ban da zanen da ke kan takarda.

Mu koma kan butar farko. Ƙanwarmu ta zana bakin butar a zagaye cif, kamar faifai. Alhali daga inda take zaune, a gefe, bakin buta ba ya bayyana a zagaye, yakan shafe ya koma kamar tsawon ƙwai. Idonta ya ga hakan sarai, amma kanta ya riga ya san cewa bakin buta zagayayye ne, sai hannu ya bi abin da kai ya sani, ya bar abin da ido ya gani. Kusan duk mai koyo da wannan yake farawa. Shi ya sa sabon shiga kan ɗora idanun mutum can sama kusa da gashi, alhali idan aka auna daga tsakar kai zuwa haɓa, idanu kusan a tsakiya suke. Mun fi damuwa da fuska fiye da goshi, sai muka ƙara mata fili a zukatanmu ba tare da mun sani ba.

Wannan ba sabon zance ba ne. Ibn al-Haisam, malamin nan da aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayani a cikin Kitabul Manazir cewa gani ba ya ƙarewa a shigar haske cikin ido. Zuciya tana gwada abin da ya shigo da siffofin da ta taɓa ajiyewa, ta yanke hukunci da sauri har mutum bai san ya yanke ba. Ya bambanta gani na kallo ɗaya da gani na tsayawa a ƙura ido a bi abu gaɓa-gaɓa, kuma ya ware sashe guda don kurakuran gani. Ƙarni da yawa bayansa, wata malamar zane 'yar Amurka, Betty Edwards, ta fito da wata dabara a littafinta na 1979. Takan ba ɗalibai zanen da Picasso ya yi wa Igor Stravinsky, ta ce su kifa shi kai a ƙasa sannan su kwafa. Da yawa sukan yi mamakin yadda ya fi kyau a kifen. Dalili kuwa, da zanen ya juye, kai ya daina cewa "ga hanci, ga hannu", ba abin da ya rage sai layuka da tazarar da ke tsakaninsu, dole ido ya yi aikinsa.

Irin wannan horon ƙanwarmu ta sha a shekarar nan. An koya mata ta miƙe hannu da fensir, ta rufe ido ɗaya, ta auna faɗin butar ta gwada da tsayinta. An koya mata ta bar zana mariƙin butar, ta zana sararin da ke tsakanin mariƙin da jikinta, tunda sarari ba shi da suna, kai ba shi da siffar da ya ajiye masa. Ta gano cewa inuwa ba baƙi ɗaya ba ce, a gefen da ya fi duhu ma akwai ɗan hasken da ya dawo daga ƙasa. Duk dabarun nan abu ɗaya suke yi, suna hana mutum gaggawar cewa "ai na san wannan."

Daga nan ne kuma ɓacin ranta ya samo asali. A watan farko ba ta ga kuskure ba domin idonta bai kai ba. Yanzu ido ya yi gaba, hannu yana biye a baya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita take ji kamar koma baya. Duk wanda ya taɓa koyon wani abu da gaske ya san wannan zafin. Mu ma idan muka buɗe manhajar da muka rubuta shekara biyar da suka wuce, kunya ce take kama mu, kuma da ba ta kama mu ba, da sai mu ce ba mu ƙaru da komai ba. Akwai ma wata jarrabawa da muke sha kullum mai kama da bakin butar nan. Sai mutum ya yini yana neman kuskure a layi goma da shi ya rubuta, ya karanta sau hamsin bai gani ba, saboda abin da ya yi nufin rubutawa yake karantawa. Abokin aiki ya leƙo, cikin minti ɗaya ya nuna masa harafin da ya ɓace. Kwamfuta ba ruwanta da niyyarka, abin da ka rubuta shi take bi. Takardar mai zane ma haka take.

Abin da ya sa muke ganin maganar ta wuce batun sana'a shi ne, yadda muke kallon buta haka muke kallon mutane. Kowannenmu yana yawo da siffofin da ya riga ya zana a kansa: almajiri, bazawara, ɗan boko, Bafillace, mutumin kudu. Da mutum ya tsaya a gabanmu, sai mu ciro faifan da muka tanada mu kifa masa, mu ce mun gan shi. Wayar hannu ta ƙara wa wannan ɗabi'a gudu. A turo hoto a WhatsApp da layi biyu a ƙasansa, kafin babban yatsa ya wuce mun gama shari'a har mun tura wa wasu. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma ba kasafai ake koya mana yadda za a kauce masa a aikace ba. Wa'azi yakan ce kada ka yi. Mai koyon zane kuwa kullum sai ya zauna awa biyu yana kama kansa da hannu dumu-dumu cikin zato, ya goge, ya sake dubawa.

Ba muna cewa iya zane yana mayar da mutum adali ba ne. Ana samun gwanin fensir da bai iya duban matarsa da idon rahama ba. Haka kuma kamanta abu da ainihinsa ba shi ne ƙololuwar fasaha ba. Mai ɗinkin aska takwas, da mai zayyanar allo, da maginin da ke yi wa soro dagi, babu wanda yake neman kwaikwayon abin da ido ya gani, kuma ba wanda zai raina aikinsu. A Zariya ma, a 1958, ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya don nuna cewa salon Turai kaɗai bai isa ba, dole a haɗa da na gida. Iyakar abin da muke cewa shi ne, zanen kamanni makaranta ce da ake koyon kallo a cikinta. Wanda ya fito daga cikinta yana iya amfani da idon ko ya bar shi a kan takarda, wannan zaɓinsa ne. Amma wanda na'ura ta miƙo wa hoto bai ma shiga ajin ba. An sanar da fasahar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faransa tun 1839, kuma har yau ana koyar da zanen hannu, domin kyamara ita ke ɗauka, amma ba ta yi wa mai ita kallo.

A buta ta tara muka lura da wani ɗan tudu a ƙasan mariƙin, wanda babu shi a takwas ɗin farko. Muka ce ko fensir ne ya zame mata. Ta ce a'a, mu je mu duba. Muka ɗauko butar, sai ga tabon liƙi, irin wanda ake yi da wuƙar da aka sa a wuta. Ashe butar ta daɗe da tsagewa, Umma ta liƙe abinta shiru, ba ta ce wa kowa ya sayo wata ba. Tabon ya riga zanen farko. Dukanmu muna ɗaukar butar nan sau biyar a yini idan muna gida, har akwai hotunan tsakar gida a wayoyinmu da ta fito a ciki, tabon yana nan a hoton, babu wanda ya gan shi. Ita ma ƙanwarmu sai da ta ƙura wa butar ido wata tara kafin ta gani.

Wannan muka nuna mata a matsayin amsa. Mun ce mata ba za mu yi mata alkawarin cewa kasuwar masu zane za ta zauna yadda take ba, don mu kanmu tamu sana'ar girgiza take yi. Amma shekararta ba ta tafi a banza ba, tunda a gidan nan ita kaɗai ta ga abin da ke gaban kowa. Ɓacin ran da take ji kuwa, ta riƙe shi da kyau, ranar da ta daina jin sa ranar ce ya kamata ta damu.

Washegari muka sayo wa Umma sabuwar buta. Tsohuwar ƙanwarmu ta saka a jakarta ta koma makaranta da ita. Ta ce har yanzu inuwar da ke ƙarƙashin hancin butar ba ta fito mata daidai ba.