In An Tambaye Ka Abin Da Ba Ka Iya Ba

Yau ina son mu yi shawara bisa wata magana da ta raba kan mutanen gidanmu tun bayan girbi. Ɗan ƙanena ne sanadi. Yaron ya yi lakwal a Agiye, ya wuce jami'ar Maraɗi, ya koyi aikin kwamfuta. Shekara biyu ke nan yana neman aiki. Kwanan baya wata ma'aikata a Maraɗi ta ce tana son mutum ɗaya da zai kula mata da rumbun bayanai. Ya kai takardunsa, aka kira shi. Mutum uku suka zaunar da shi suna yi masa tambayoyi.

Rumbun bayanai kada ya ba ku tsoro. Babban kaye ne da ke cikin kwamfuta. A ciki ake rubuta sunan mutum, da garinsu, da abin da ya karɓa, da abin da ya biya. Duk wanda ya taɓa riƙe kayen rumbun tsimi ko na asusun mata ya san irinsa. Bambancin kawai, namu yana ɗaukar suna ɗari biyu, nasu yana ɗaukar dubu ɗari ko fiye.

To, ga tambayar da suka yi masa. Suka ce: "In fihirisar rumbun ta wargaje, yaya za ka gane, kuma yaya za ka gyara?"

Da ya dawo gida na ce ya fahimtar da ni. Ya ɗauko kayen rumbun tsimin garinmu ya buɗe. Ya ce, "Baba, in wata mata ta zo, ta yaya kake samun sunanta?" Na ce ina duba shafunan farko, inda muka jera sunaye bisa haruffa, kowane suna da lambar shafinsa. Ya ce wannan jerin shi ne fihirisa, irin wadda malamai ke dubawa a littattafansu. Sai ya ce, "In shafin masu harafin H ya cika, ga sabuwar Hadiza ta zo, ina za ka sa ta?" Na ce sai in nemi wuri a ƙarshen kaye. Ya ce haka kwamfuta take yi. Ita ma fihirisarta shafi-shafi ce. A cikin tsarin da ake kira SQL Server, na kamfanin Microsoft, kowane shafi yana ɗaukar haruffa kamar dubu takwas. In shafi ya cika kuma ga sabon suna da ya kamata ya shiga tsakiya, sai ta tsaga shafin biyu. Rabin sunayen su tsaya, rabi su koma wani sabon shafi can nesa. Yau a tsaga, gobe a tsaga. Bayan wata da watanni sai ka tarar shafuna da yawa rabinsu wofi ne, kuma ba su bin juna. Ba sunan da ya ɓata. Amma neman da ake yi cikin shafi goma ya koma shafi ashirin, aiki ya yi nauyi.

Maganin iri biyu ne. In wargajewar kaɗan ce, sai a bi a gyaggyara shafunan inda suke. In ta yi yawa, sai a sake juyar fihirisar duka tun daga farko. An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa daga kashi 5 zuwa 30 cikin ɗari a gyaggyara, in ta wuce 30 a sake juya. Masana na yanzu suna cewa kada a riƙe waɗannan lambobi kamar doka, a fara auna ko aikin ya yi nauyi da gaske. Akwai kuma rigakafi: a bar ɗan fili a kowane shafi saboda masu zuwa.

Duk wannan yaron ya san shi a baki, don ya karanta. Amma bai taɓa yin gyaran da hannunsa bisa rumbun da mutane ke aiki da shi ba. Haka kuwa ya gaya masu. Ya ce, "Na san abin da ke kawo ta, na san sunan maganin. Ban taɓa yi ba. In kun ba ni aikin, sai na gwada bisa wani rumbu na gwaji tukuna, ko wani ya tsaya kaina." Suka rubuta, suka yi masa godiya. Bayan sati biyu aka ɗauki wani.

Kawunsa, wanda ke fataucin dabbobi tsakanin Gazawa da kasuwannin Najeriya, ya yi fushi ƙwarai. Ya ce yaron ya zubar da tuwonsa da hannunsa. Ga hujjarsa, kuma kada mu raina ta. Uwar yaron ta sayar da awakinta don ya yi karatu. Ƙannensa huɗu suna jira. Abin da aka tambaye shi ba sihiri ba ne, cikin sati ɗaya zai iya koyonsa. In ya ce "na iya", ya shiga, ya koya da dare, wa ya cuta? Kuma wa ya tabbatar mana wanda aka ɗauka ya fi shi iyawa? Wataƙila baki kawai ya fi shi.

Na kwana biyu ina juya maganar nan. Kawun yana da gaskiya a wuri ɗaya: yunwa ba wasa ba ce, kuma mai ƙoshi yana da sauƙin yi wa mai yunwa wa'azi. Amma tambayarsa ta "wa ya cuta?" ita ce ta tsaya mini a rai, don na san amsarta. Ni na taɓa cutar wata ta wannan hanya.

Bayan yunwar 2005, aka kafa rumbunan tsimi a garuruwa da yawa na ƙasar Agiye, har da namu. Aka tara gari aka ce wa ya iya rubutu da lissafi. Na yi ajin yaƙi da jahilci, ina karanta wasiƙa, ina rubuta suna. Tarawa da ɗebewa na iya. Amma lissafin riɓi da na rabawa, can nake tuntuɓe. Na sani, matata ma ta sani. Da aka tambaye ni gaban jama'a, sai na ce, "Na iya." Na ce a raina zan koya a hanya. Ga kuma kunya, ga son a ce da ni magatakarda.

Da kaka ta yi, masu bashi suka kawo hatsi. Ana biyan abin da aka ɗauka da ɗan ƙari bisa kowace tiya goma. Wurin ƙarin nan na rikice. Na rubuta wa wata tsohuwa, mijinta ya rasu, saura tiya shida, alhali ta biya duka. Ta rantse, ta yi kuka. Mutane suka ce ai takarda ba ta ƙarya. Aka hana ta ɗaukar hatsi a damina mai zuwa, lokacin da rumbun kowa ya yi ƙasa. Sai da wani mushe ya zo hutu ya bi kayen, ya gano kuskuren. Na tafi gidanta na roƙi gafara, ta yafe. Amma daminar nan ta riga ta wuce, ita da jikokinta sun yi ta da ganye.

Ku duba da kyau. Ban saci tiya ko ɗaya ba. Kuskure kuwa kowa yana yi. Laifina yana can baya, ranar da na ce "na iya". Da na ce, "Rubutu na iya, rabawa ban iya ba," da gari ya haɗa ni da wani mai lissafi, ko a ce mushe ya riƙa dubawa. Kalmar nan tawa ita ce ta sa kowa ya kwanta ya bar tsaro. Mai neman aiki yana ganin tsakaninsa da masu tambaya ne kawai. Akwai mutum na uku da ba ya cikin ɗakin, shi ne wanda sunansa ke cikin kaye. Rumbun da aka so ba yaronmu, sunayen mutane ne a ciki. In ya sake juyar fihirisa da rana tsaka ba tare da sani ba, yana iya tsayar da aikin duka, mutane na layi a rana suna jira.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. An kafa UNCC a 1962, sarwisin yaƙi da jahilci kuma a 1963. Daga 1966 aka fara barin manoma su riƙe kasuwannin gujiya da kansu. Mahaifina yana ba mu labarin yadda ake zaɓen mai awo da magatakarda. Ba a tsayawa ga abin da mutum ya faɗa. Sai a ɗora buhu bisa sikeli a ce ya karanta, a ba shi alƙalami a ce ya rubuta. Wanda ya ce bai gane wani wuri ba, a koya masa. Wanda aka kama yana rufa-rufa, shi ne gari ke gudu, don kuɗin gumin shekara ne za su bi ta hannunsa.

Malamanmu ma suna ba da labarin Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa. An ce an taɓa yi masa tambaya 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Mutane kuwa suna tafiyar watanni zuwa Madina don su tambaye shi. Saboda an san yana iya cewa bai sani ba, shi ya sa in ya ce ya sani ake kwantar da hankali.

Sai dai kada wani ya ɗauka ina cewa mutum ya riƙa ƙasƙantar da kansa. Wannan ma wata ƙarya ce, kuma ta yi mana yawa, musamman wurin mata. Tun da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, na ga mata a Gidan Rumji da Tsibiri da ke riƙe lissafin mutum talatin a ka, dala ba ta ɓata. Amma in baƙo ya zo ya ce wa ta iya, sai su sunkuyar da kai su ce ba su san komi ba. Sai a ba wani namiji mai baki, wanda bai kai su ba. Wadda ta ɓoye iyawarta ita ma ta bar kayen a hannun da bai dace ba. Abin da ake so shi ne awo daidai, kamar tiya: kada a danna, kada a rage. Ga abin da na yi da hannuna. Ga abin da na karanta ko na ga ana yi. Ga abin da ban sani ba. Yaronmu haka ya rarrabe masu.

Su ma masu ɗaukar aiki suna da nasu kaso. In kullum mai cika baki suke ɗauka, to su ne ke koya wa yara ƙarya. Ya fi kyau su yi irin na kasuwar gujiya, su ajiye kwamfuta gaban mutum su ce ya gwada. Ban ce abin da ya faru a Maraɗi ke nan ba. Mai yiwuwa ne wanda suka ɗauka ya yi aikin shekara da shekaru, kuma hakkinsa ne.

Kawun bai sauka daga maganarsa ba har yanzu, uwar yaron kuma ba ta cewa komi, abin da ya fi mini zafi ke nan. Yaron ya ari wata tsohuwar kwamfuta, ya zuba mata sunayen ƙarya dubu ɗari biyu. Yana wargaza fihirisar da gangan, yana gyarawa, yana rubuta minti nawa kowane gyara ya ci. Ya sake kai takardunsa wurare biyu, ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Yamai. Jiya da la'asar muka zauna ni da shi muka sake juyar kayen rumbun tsimi cikin sabo. A ƙasan kowane shafi ya sa na bar layi biyar.