Kai yara ganin daji ɓarnar kuɗi ne?

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. Maigida a Gidan Sori ya saida wake da gujiya, ɗan kuɗi ya rage a hannunsa. Sai ya ce zai ɗauki iyalinsa a mota, su bi hanyar Tibiri zuwa Dakoro, su wuce arewa har gandun dajin Gadabeji, don yara su ga raƙumin dawa. Mutanen fada suka rabu biyu. Waɗansu suka ce wannan almubazzaranci ne, kallo ba ya cika ciki. Waɗansu suka ce ya yi daidai. To, ina gaskiya take?

Masu cewa ɓarna ce suna da hujja. Kuɗin mai da guzuri sun isa sayen tunkiya ko buhun taki. Wanda ya ga yunwar 1973 da ta 1984 ba ya wasa da abin da ke cikin rumbu. Mun yarda da su a nan: wanda bai aje cimakar shekara ba, ko ake binsa bashi, bai kamata ya tafi yawon buɗe ido ba. Haƙƙin ciki yana gaba da haƙƙin ido.

Amma idan cimaka ta samu fa? Sai mu tambayi kanmu abin da uba ke bar wa ɗansa. Gona gado ce, shanu gado ne. Daji da namun da ke cikinsa su ma gado ne, sai dai ba a raba su gaban alƙali, shi ya sa kowa ke mantawa da su.

Ku dubi labarin Gadabeji. An keɓe wannan daji a shekarar 1955, faɗinsa hekta 76.000, don a tsare mariri da barewa. Duk da haka mariri ya ƙare. Farauta da fari suka cinye shi, har a shekarar 2000 masana suka bayyana cewa babu sauransa a dajin duniya duka, sai wanda ake kiwo. Yau in ka ce wa yaro mariri, sai ya tambaye ka ko tsuntsu ne. Abin da yaro bai taɓa gani ba, ba zai yi kewarsa ba, kuma ba zai tashi tsaronsa ba.

Raƙumin dawa ma ya kusa bin sawun mariri. Da can yana yawo tun daga Senegal har tabkin Cadi. A shekarar 1996 guda 49 kaɗai suka rage, dukansu a wajejen Kure, kusa da Yamai. Da hukuma da mutanen karkara suka haɗa kai, sai suka haura 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko takwas cikin babbar mota, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su, aka sake su a Gadabeji, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba.

Mu mutanen jahar Maraɗi mun san yadda abu ke ɓacewa ya dawo. Bayan farin 1984 gonakinmu sun zama fili, iska na binne shuka. Manoman ƙasar Agye, irin na Ɗan Saga, suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara, suna gyara shi, har itatuwa suka sake rufe gonaki. Sun iya haka don dattawa sun san inuwar da aka rasa, kuma saiwa tana nan ƙarƙashin ƙasa. Dabba kuwa ba ta barin saiwa. In ta ƙarshe ta mutu, shi ke nan.

Saboda haka kuɗin da maigidan nan zai kashe ba a iska ya zuba su ba. Yarinyar da ta tsaya ta ga raƙumin dawa yana miƙa wuya yana cin ganyen ƙaya, gobe ita ce uwar da za ta hana ɗanta kashe barewa a banza. Gani ya kori ji.

Sai dai tafiyar tana da sharaɗi. Mai kallo baƙo ne. Shi zai kwana ɗaya ya koma gida, amma Fulani da Buzayen da ke kewaye da gandun su ke ɗauke da nauyinsa kullum, don ciyawar da aka bar wa namun daji dabbobinsu ma suna sonta. Ya kamata baƙo ya gaishe su da mutunci, ya sayi nono da cuku a hannunsu da farashi mai kyau. Ya tambayi hukuma labarin hanya kafin ya tashi, ya nemi izinin ma'aikatan gandun daji, ya bi ɗan jagora. Kada ya kori dabba da mota, kada ya bar wuta ko leda a bayansa. Uban da ya yi haka gaban yaransa ya koya musu riƙon amana.

Wanda ba shi da halin mota kuma, kada ya ce an bar shi baya. Iyalai uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su tafi tare. In hakan bai samu ba, a zaunar da yara gaban tsofaffi su faɗa musu namun da suka gani da idonsu a bakin Gulbin Maraɗi, masu yaƙi da jahilci su rubuta sunayen tun masu sani suna da rai.