Wa Ke Da Ikon Faɗin Ko Wace Ce Mace?

Ku 'yan makaranta, in malaminku ya ce ku faɗi ma'anar kalmar nan "mace", na tabbata ko ɗan aji ɗaya ba zai yi inda-inda ba. To, ga shi kuwa a ƙasar Birtaniya wannan 'yar kalma ta sa an yi shekara wajen bakwai ana ja-in-ja, har sai da magana ta kai babbar kotun ƙasar a Landan.

Asalin abin shi ne akwai waɗansu mutane, ba su da yawa, waɗanda a kan haifa da jikin namiji sosai, amma zuciyarsu ba ta yarda su maza ne ba. Haka kuma ta wajen mata. Kada ku haɗa su da mata-maza, wanda halittarsa ce ta zo da shakka. Shi wannan malaman fiƙihu sun daɗe da yi masa hukunci, har a Malikiyya in an kasa gane inda ya fi karkata, a kan ba shi rabin gadon namiji da rabin na mace. Waɗanda mu ke magana a kansu, jikinsu ba shakka cikinsa, a rai rigimar ta ke.

A 2002 ɗaya daga cikinsu, Christine Goodwin, ta yi nasara a ƙarar da ta kai gwamnatin Birtaniya a kotun Turai mai duba haƙƙin ɗan Adam. Saboda haka a 2004 majalisa ta yi doka, wanda ya cika shekara 18, likitoci suka shaida halinsa, ya kuma yi shekara 2 yana zaune a jinsin da ya zaɓa, sai a ba shi takardar shaida. A 2010 aka kafa wata doka mai hana nuna bambanci. A 2018 majalisar Sikotilan ta so a ba mata rabin kujerun hukumomin gwamnati, gwamnatin can kuwa ta tsaya a kan cewa mai takardar nan cikin mata za a lissafa shi. Wata ƙungiyar mata mai suna For Women Scotland ta ce ba ta yarda ba. Ran 16 ga Afrilu 2025 alƙalai biyar, bakinsu ɗaya, suka yanke cewa a cikin dokar 2010 mace ita ce wadda aka haifa mace.

Yanzu bari mu ajiye littafin doka mu yi tunani. Mai wannan hali cewa ya ke yi, ba wanda ya san cikinsa sai shi. Nan ya yi gaskiya, don ba mu da ma'aunin da za mu auna zuciyar wani mu ƙaryata shi. Amma matan nan su ma suna da hujja. Sun ce ɗakin mata a asibiti, da gidan yarin mata, da gidan da a ke ɓoye matar da miji ya doka, ba don abin da ke cikin zuciya aka keɓe su ba, don jiki aka keɓe, da ƙarfinsa da kunyarsa da tsoron da ke biye da shi.

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne neman amsa ɗaya wadda za ta buɗe kowace ƙofa. Akwai abin da ya shafi mutum shi kaɗai, kamar sunan da ya ke so a kira shi, da tufafinsa, da aikinsa, da ya bi hanya ba a jefe shi ba. Wannan ba ya jiran a gama gardama, nasa ne tun da shi mutum ne. Akwai kuma abin da a ke tarayya, watau ɗakin kwana guda, ko filin tsere, ko kujerar da aka ware. Nan shaidar mutum a kan zuciyarsa abin ji ce, amma ba ta isa ta zama hukunci ba, gama ba mai zama alƙali a shari'ar da ya ke da rabo ciki. Alƙalan ma sun lura da haka. Lord Hodge, wanda ya karanta hukuncin, ya gargaɗi jama'a kada su ɗauka wani ɓangare ne ya ka da wani, ya kuma ce dokar tana nan tana kare masu sauya jinsi daga wulakanci da nuna bambanci.

Sai dai gargaɗin alƙali ba ya shiga kunnen mai neman ƙuri'a. 'Yan siyasa sun gane tambayar nan tarko ce mai araha, a ɗana wa abokin hamayya gaban jama'a, ko ta ina ya amsa ya faɗa. A 2021 wata malama, Kathleen Stock, ta bar Jami'ar Sussex bayan ɗalibai sun yi ta neman a kore ta saboda ra'ayinta. Ta ɗaya gefen kuma, mutanen da a ke gardama a kansu sun zama abin ba'a a bakin waɗanda ba su taɓa zama da ko ɗayansu ba. Wanda a ka yi wa ihu ba ya sake ra'ayi, shiru kurum ya ke yi, ya riƙe abin a ciki.

Akwai kuma sauran da hukunci bai share ba. A ce mutum ya shekara ashirin yana zaman mace, maƙwabta haka suka san shi, ga takardar gwamnati a hannu. Ciwo ya kama shi da tsakar dare, aka kai shi asibiti mai ɗaki biyu. Cikin maza akwai abin tsoro a gare shi, cikin mata akwai wadda ba za ta iya barci ba. Alƙalai suna gida suna barci, 'yan majalisa haka, ma'aikaciyar jiyya ce kaɗai a tsaye da fitila, kuma dole ta nuna gado kafin gari ya waye.