Ɗa Ba Ya Bara a Gidan Ubansa

Ɗan'uwana mai karatu, a cikin Bishara ta hannun Matiyu, sura ta 6, Ubangiji Yesu ya faɗa wa almajiransa abubuwa biyu a jere, waɗanda in ka dube su sama-sama za ka ɗauka sun saɓa wa juna. Da fari ya tabbatar musu cewa Uba na sama ya riga ya san bukatarsu tun ba su buɗe baki ba. Nan take kuma ya koya musu addu'a, a tsakiyarta har da roƙon abincin yini. To, in Allah ya sani, me ya kawo faɗa masa? Wannan tambaya tana bin mu har gona. Tana zuwa wa manomin Saye ko na Danzabuwa wanda ya yi shuka da ruwan farko a watan Yuni, sa'an nan sama ta ɗauke mako biyu, yana tsaye yana kallon tsiron gero yana yanƙwanewa. Tana zuwa wa uwar da jikin ɗanta ya yi zafi da tsakar dare, kuɗin magani kuwa babu. Amsar da mutum ya ba ta a zuciyarsa ita ce za ta sa ya durƙusa ko ya yi shiru.

Bari mu fara da abin da yake rufe mana baki. A ƙasar Bici, kamar sauran ƙasar Hausa, an rene mu a kan kunya da rufin asiri. Magidanci zai ga rumbunsa ya kai ƙasa a tsakiyar watan Agusta, sabon hatsi bai nuna ba, amma in ka gaishe shi sai ya ce maka lafiya lau, sai godiya. Wannan hali yana da kyaunsa, gama yana tsare mutunci. Sai dai da yawa daga cikinmu mun shiga da shi har gaban Allah. Kalmar roƙo kanta tana da nauyi a kunnenmu, domin tana tuna mana da mai bara a bakin kasuwa. Shi ya sa za ka ji mai bi ya yi doguwar addu'a, ya roƙi albarka a dunƙule, ya ce a biya bukatu, amma ya kasa ambaton bashin da ya hana shi barci. Wani kuma yana ganin buhun taki, ko kuɗin makarantar yaro, ko akuyar da ta ƙi cin abinci, duk sun yi ƙanƙanta a kai su gaban Sarkin sama.

Akwai kuma waɗanda ba su jin nauyin roƙo, amma sun ɗauko salonsa daga wurin da bai dace ba. Salo na farko na maroƙi ne. Maroƙi yakan tsaya gaban mai hali ya yi ta zuba kirari har kansa ya fasu, ya sa hannu a aljihu. Yabon nan tarko ne, kuma in kyauta ba ta fito ba yabo yakan koma zambo. Salo na biyu na ciniki ne. Waɗansunmu sun ji daga bakin kakanninsu yadda ake yanka wa iskoki kaza ko akuya mai launi kaza kafin a fita noma, a ba su nasu domin su bar mutum da nasa. Mai bi yana iya barin gidan tsafi amma cinikin ya biyo shi cikin majami'a: ya ce ya yi azumi kwana uku, ya ba da baiko mai tsoka, saboda haka yanzu yana bin Allah bashi. Ka tuna da abin da ya faru a Dutsen Karmel, cikin 1 Sarakuna sura ta 18. Annabawan Ba'al 450 sun yi ta kira tun safe har yamma, suna tsalle suna tsaga jikinsu, ba wanda ya amsa. Iliya kuwa addu'arsa gajeriya ce, wuta ta sauko. Ya san wanda yake magana da shi.

Wa muke magana da shi ke nan? Yesu ya ba mu amsa da kalmar da ya buɗe addu'ar da ita, wato Uba. A Luka sura ta 11 ya kawo misalin ɗan da ya roƙi ubansa kifi ko ƙwai, ya nuna cewa ko uba na duniya, da dukan kasawarsa, ba zai miƙa masa maciji ko kunama ba. Dubi yaro a gidanku. In takalminsa ya tsinke, ba ya ɗauko kalangu ya tsaya a ƙofar turakar ubansa yana kirari. Ba ya kuma kawo kuɗi ya ce a sayar masa da tuwon dare. Yakan zo ya ce, Baba, takalmina ya tsinke. Uban ya riga ya gani tun jiya, amma zuwan nan na yaron yana da daraja a wurinsa. Ranar da ɗa ya fara ɓoye wa ubansa damuwarsa yana kai ta waje, ranar ce uban zai san wani abu ya lalace a tsakaninsu, ko da yana ci gaba da ciyar da shi.

Labarin Bartimawas makaho a Markus sura ta 10 ya ƙara haskaka wannan. Yana zaune a bakin hanyar Yariko yana bara, ya ji Yesu na wucewa, ya ɗaga murya yana neman jinƙai. Da aka kawo shi, kowa yana ganin idanunsa, Yesu ma yana gani, duk da haka sai da ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Mai bara ya saba karɓar abin da aka jefa masa, ba a tambayarsa ra'ayinsa. Da wannan tambaya Yesu ya ɗaga shi daga matsayin mai bara, ya ba shi damar ya faɗi bukatarsa da bakinsa. Da ya ga dama ya roƙi kuɗi, kamar yadda ya saba kowace rana. Ya roƙi gani, ya samu, ya bi Yesu a hanya.

Iyayenmu cikin bangaskiya sun daɗe da yin tunani a kan wannan. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya rubuta wasiƙa wajen shekara ta 412 zuwa ga wata gwauruwa mai suna Proba, wadda ta gudo Afirka bayan an ci birnin Roma da yaƙi a 410. Ta tambaye shi yadda ya kamata ta yi addu'a. Ya bayyana mata cewa Allah ba ya bukatar a ba shi labari, mu ne muke bukatar roƙon, domin yana faɗaɗa marmarinmu har mu iya ɗaukar abin da yake shirin ba mu. Manomi zai gane wannan da sauri. Ruwan sama ɗaya ne yake sauka a kan fako da kan gonar da aka yi wa huɗa, amma a fako gangarewa yake yi ya wuce.

Faɗar bukata da sunanta tana yi mana wani aikin kuma: tana nuna mana abin da ke cikinmu. Wasiƙar Yakubu, sura ta 4, ta ce akwai waɗanda ba su samu ba don ba su roƙa ba, akwai kuma waɗanda suka roƙa da mugun nufi. Muddin bukata tana dunƙule a zuciya, ba ka iya rarrabe ta gari da ta banza. Amma gwada ka furta a gaban Allah cewa kana so gonarka ta fi ta ƙanenka domin ya ji haushi, za ka ji kalmar ta maƙale maka a wuya. Wata bukatar kuma in ka furta ta sai ka tarar tsoro ne a ƙarƙashinta, tsoron kuwa shi ne ainihin abin da ya kamata ka kawo. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hannatu ta yi haka a Shilo. Ta zuba wa Ubangiji baƙin cikin rashin haihuwa, leɓunanta na motsi ba a jin murya, har Eli firist ya zaci ta bugu. Littafin 1 Sama'ila ya nuna cewa ta tashi ta ci abinci, fuskarta ta sake, alhali ba ta riga ta yi ciki ba.

Kada kuma ka ce ba ka iya tsara magana irin ta fasto ko ta dattawan ikkilisiya ba. Tun shekara ta 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa shekaru masu yawa. Tun daga lokacin muke karanta kukan Dawuda cikin Zabura da harshen da muke cinikin gero da shi a kasuwar Badume. Harshen da ya ɗauki Maganar Allah zuwa gare ka zai iya ɗaukar maganarka zuwa gare shi. Ke ma 'yar'uwa, abin da kike faɗa wa aminiyarki a hanyar rijiya, da waɗannan kalmomin za ki faɗa wa Ubanki.

Yanzu ga wuri mai wuya, wanda bai kamata mu kauce masa ba. Akwai roƙon da aka yi da gaskiya, da hawaye, amma abin da aka roƙa bai zo ba. Dattawanmu suna tune da farin 1973, lokacin da damina ta gaza a faɗin arewa, hatsi ya ƙone a gona, dabbobi suka mutu. Ba a gama farfaɗowa ba sai cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, amfanin da ƙasar Kano ta dogara da shi wajen samun kuɗi. Masu bi sun yi addu'a a waɗannan shekaru, yunwar kuwa ba ta tsallake gidajensu ba. In wani ya ce maka duk wanda bai samu ba rashin bangaskiyarsa ne, ko ya ce ka kawo kuɗi ya buɗe maka ƙofar sama, ka auna maganarsa da Maganar Allah. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin da zai ɗauke ta, kamar yadda ya shaida a 2 Korintiyawa sura ta 12. A Getsamani Ubangiji da kansa ya roƙi Uba ya ɗauke masa ƙoƙon wahala. Ya faɗi abin da yake so a fili, sa'an nan ya miƙa kansa ga nufin Uba. Ka lura da jerin: roƙon ne ya fara zuwa, miƙa kai ya biyo baya. Wanda ya yi tsalle ya ce a yi nufin Allah tun bai faɗi ciwonsa ba, sau da yawa gudun jin a'a yake yi. Ba mu san dalilin kowane jinkiri ba, ba kuma za mu ƙaga wa mai makoki dalili ba. Abin da muka sani shi ne, Uban da bai ɗauke wa Ɗansa ƙoƙon ba, shi ne ya tashe shi a rana ta uku.

Sauran abu ɗaya game da roƙon abincin yini. Yesu bai koya mana mu roƙa da bakin mutum ɗaya ba. Kalmar da ya sa a bakinmu ita ce mu. Duk safiyar da ka yi wannan addu'a, ka roƙa wa gwauruwar da ke bayan gidanka, da maƙwabcinka Musulmi wanda kuke haɗa iyakar gona. In rumbunka yana da sauran dawa nasu ya ƙare, wataƙila amsar addu'ar tana cikin rumbunka. Haka ikkilisiyar Antakiya ta fahimta a Ayyukan Manzanni sura ta 11: da aka yi annabcin yunwa, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, aka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Mun san wannan a gayya, inda ake haɗuwa a nome gonar wanda ciwo ya kwantar. Roƙo kuma ba ya ɗauke maka fartanya. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi a kan garu dare da rana. Ka roƙi lafiyar yaron, ka kuma kai shi asibiti tun da wuri.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka durƙusa yau, ka bi shawarar Bulus ga Filibiyawa a sura ta 4, wadda ya rubuta yana ɗaure a kurkuku: ka haɗa roƙonka da godiya. Ka fara da tuna abin da aka riga aka yi maka. Sa'an nan ka ambaci bukatar da sunanta, in bashi ne ka faɗi nawa ne, in ciwo ne ka faɗi na wane ne, in rigimar gado ce ka faɗi wanda zuciyarka ta ƙulla da shi. Ka ƙara da bukatar wani wanda ba na gidanka ba. Daga nan ka bar ta a hannun Uba, ka tashi ka kama aikin da ke gabanka.

Ya Ubanmu, kai ka san rumbunanmu da zukatanmu. Ka cire mana kunyar da take hana mu zuwa wurinka, ka raba mu da tunanin cewa za mu iya sayen alherinka. Ka ba mu ruwa a kan kari, ka ba marasa lafiyarmu sauƙi. Inda amsarka ta yi jinkiri, ka riƙe mu kada mu karai. Inda kuma ka sa amsar wani a hannunmu, ka buɗe mana ido mu gani. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.